Da Sauransu

Aikina ƙirga ne. Shekara ashirin da ɗaya ke nan ina zaune a ɗakin karatu na cibiyar binciken taurari da ke kan dutsenmu, ina ƙirga sau nawa masana suka ambaci takardar wane a cikin tasu takardar. Ban san tauraro ko ɗaya da suna ba in ka cire rana, amma ka ba ni sunan masani, kafin shayinka ya huce zan faɗa maka nauyinsa. Ni na auna Dakta Bong Jae-dok, ni kuma na tura lambarsa birni da hannuna. Shi ya sa nake ganin in za a ba da labarinsa, ni ya kamata in bayar, ko na rage abin da ke ci na a rai.

A bayan idonsa Da Sauransu muke ce masa. A wurin masana, in mutum ɗaya ko biyu suka rubuta takarda, duk wanda zai ambace ta sai ya kira sunayensu. In sun kai uku, sunan farko kaɗai ake kira, a bi shi da "da sauransu". Dakta Bong ya yi shekara talatin da ɗaya a kan dutsen nan. Sunansa yana cikin takardu arba'in da shida, kuma in ka cire biyu da ya rubuta yana ɗalibi, duk sauran yana kwance ne a cikin kalmomin nan biyu. Ni na raɗa masa sunan, wata rana da bakina ya riga hankalina. Sunan ya bi shi, har direban motar cibiya ya kama.

Ɗan masu shanya kanya ne daga wani ƙauye a ƙasan kwari. Tun yana ɗan shekara bakwai yake feraye kanya, irin manyan nan na ƙasarmu masu cika tafin hannu, a ɗaure ta da zare, a rataye a ƙarƙashin rufi, a yi ta juyawa har kwana sittin. A nan ya koyi jira. A nan kuma ya koyi abin da ya kai shi ya baro, domin ubansa irin mutanen da ne, waɗanda ko ƙishi zai kashe su, in ka miƙa musu ruwa sai sun ce a'a sau biyu. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ƙa'idar. Ka yi tayi, a ƙi. Ka sake, a sake ƙi. Na ukun ne ake faɗin gaskiya. Mu 'yan baya mun sassauta, muna tsayawa a ƙi ɗaya, wani lokaci ma da hannu a miƙe. Shi kuwa ya riƙe abin yadda ya gada.

Yana ɗan ashirin da tara ya hau dutse. Manya suka rabe babban madubin hangen taurari a tsakaninsu, shi aka tura shi ƙaramin, wanda ya girme shi da shekara huɗu, ƙofar rufinsa kuma sai an tura da kafaɗa. Bai yi gunaguni ba. Ya zaɓi taurari ɗari huɗu, duk ranar da sama ta washe ya auna haskensu ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta a littafi mai koren bango. Da safe yakan sauko ɗakin karatu hannunsa a sandare, in zuba masa shayin sha'ir, ya ce a'a, in ce sha, ya ce a'a, in dangwarar da kofin a gabansa in ce ni ba 'yar aikin gidanku ba ce, sannan ya sha. Matarsa, Maman Un-bi, tana sayar da awara a gindin dutse. Takan ce ita ta auri mutum, aka ba ta mujiya.

Cikin taurarin nan akwai wata 'yar dusasshiya da ba wanda ya damu da ita. A shekararsa ta goma sha biyu, da kaka, haskenta ya ragu farat ɗaya, ya zauna haka wata huɗu, sannan ya dawo. Ya raɗa mata suna Kaka, wai tana gyangyaɗi a zaune kamar tsohuwarsa. Ya shiga sito ya tono tsofaffin hotunan gilashi da ɓeraye suka yi gida a kansu, ya yi wata biyu yana dubawa. Ya gano ta taɓa yin wannan gyangyaɗin shekara goma sha tara da suka wuce, da kuma goma sha tara kafin nan. Ke nan akwai wani baƙin abu da ke kewaya ta, yana gittawa ta gabanta a kan lokaci. Mene ne shi, ba wanda ya sani. Wanda ya auna ta kullum a kwanakin farko na gittawar, shi zai ga siffar abin. A wancan karon Dakta Bong bai san za ta faru ba, don haka kwanakin farkon sun wuce shi. Ya lissafa ranar da za ta sake, ya rubuta a bangon littafinsa, ya zauna jira.

A lokacin ne Dakta Chu Sang-won ya dawo daga Amurka aka ba shi shugabancin sashe. Ƙanen Dakta Bong ne a jami'a, aji uku ke tsakaninsu, shi ya sa yake ce masa Sonbe, yadda ake kiran na gaba a makaranta. Ya tafi yana ɗan ashirin da huɗu, ya yi shekara goma sha huɗu a can, ya dawo da Turanci mai santsi da sauri a komai. Ba mugu ba ne. Da mugu ne da na huta, sai in tsane shi in yi barcina. Ya ga littattafan koren bangon nan ya kusa zaucewa don murna. Shi ya rubuta takardar da Turanci, shi ya nemo Turawa uku da suka ba da 'yan awon da suke da shi, aka zama su biyar.

Ranar da za a tura takardar ina wurin, riƙe da buta. Suna zaune a dogon teburin ɗakin karatu, Dakta Chu da kwamfutarsa a buɗe.

Ya ce, "Sonbe, sunanka ne zai zo farko. Aikinka ne."

Dakta Bong ya kaɗa hannu. "Ina, ni wa? Kai ka rubuta Turancin. Ni ai ɗan ƙirga ne kawai."

"Ka tabbata, Sonbe?"

"Haba, sa naka mana."

"To shi ke nan. Na gode ƙwarai."

Ya ɗan rusuna, ya buga sunansa a gaba, ya tura. Duka-duka bai kai minti ɗaya ba. Na dubi Dakta Bong. Bakinsa a ɗan buɗe yake, amsa ta uku tana kan harshensa, ya riga ya shirya ta, har ya fara sunkuyar da kai irin na mai cewa to tunda ka matsa. Kunnuwansa suka yi ja. Ya tashi ya je taga ya tsaya yana kallon itatuwa. Ni kuwa ina tsaye da butata. Shekarata biyu a wurin, ba digiri, ba kowa, wa ya sa bakina a maganar daktoci? Da na ce "Dakta Chu, ƙara tambayarsa," kalma huɗu, da ba na wannan rubutun. Na zuba shayi na koma kujerata.

Bayan kwana biyu na same shi shi kaɗai.

Na ce, "Dakta, je ka faɗa masa mana. Ba a buga ba tukuna."

Ya ce, "Malama Ok, wanda ya ce ya ƙoshi ba ya komawa ya buɗe tukunya."

"Ko yunwa za ta kashe shi?"

"Ai ba ta kashewa. Zuba mini shayi."

Rana ɗaya ke nan da ya nemi shayi da bakinsa.

Takardar ta yi suna fiye da yadda kowa ya zata. Duk wanda zai yi magana a kan irin waɗannan taurari sai ya ce kamar yadda Chu da sauransu suka nuna. Aka yi ta kiran Dakta Chu taro ƙasa-ƙasa. Shi kuma da zuciya ɗaya ya ɗauka Sonbe ba ya son suna, ya riƙa faɗa wa mutane cewa ga wani waliyyi can kan dutse da duniya ba ta dame shi ba. Daga nan abin ya zama hanya. Duk takardar da ta fito daga littattafan koren bango, Chu a gaba, ko ɗalibin Chu, Bong a tsakiya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, sai dai a nan gardin bai ma san yana kwashewa ba. Bayan shekara tara aka ɗauke Dakta Chu zuwa babbar hedikwata a birni.

Masu aikin gaske sun san inda awon yake fitowa. Wasiƙu suka riƙa zuwa wa Dakta Bong daga Foland, daga Indiya, daga Cile: a taimaka mana da awon tauraro kaza na shekara goma. Ya zauna ya kwafe ya tura, ba ya hana kowa. Masu kirki cikinsu sukan rubuto su ce za mu sa sunanka cikin marubuta. Ya amsa da Turancinsa na makaranta cewa bai cancanta ba. Bature kuwa in ka ce masa a'a, a'a ya ji. Sai su sa layi ɗaya a ƙarshen takarda, muna godiya ga J. Bong. Na sha yi masa faɗa a kan wannan. Na ce Dakta, waɗannan mutanen ba su san na uku ba, ba su ma san na biyu ba. Ya ce to ya za a yi ya ce wa baƙo eh tun tambayar farko, sai ka ce wanda ya zo maula? Na ce ka ce musu eh, ni zan ɗauki kunyar. Ya yi dariya ya ce kunya ba a ba da aronta.

A shekararsa ta talatin da ɗaya, watan Maris, dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa a hanya ba, takarda ta zo daga hedikwata. Za a auna duk ƙananan madubai da makin mai kula da su. Wanda makinsa bai kai sittin ba, a rufe madubinsa ƙarshen Yuni. Kaka kuwa watan Oktoba za ta yi gyangyaɗinta. Dakta Bong yana da shekara sittin, saura kaɗan ya ajiye aiki. Bai nemi ƙarin girma ba, bai nemi sabon madubi ba. Wata takwas kawai yake bukata bayan Yuni, ya ga shigar abin da fitarsa.

Ƙa'idar makin a fili take, kuma ni aka ba aikin cikawa. In sunanka ne farko, duk ambaton takardar naka ne. In kana tsakiya, a raba da yawan marubuta, a kuma sake ragewa. Sannan a duba haɗin gwiwarka da cibiyoyin ƙasashen waje. Na ƙirga nasa, ya fito ashirin da uku. Na sake ta wata hanyar, ashirin da uku. Na haɗa da takardunsa biyu na ɗalibta, waɗanda mutum huɗu suka ambata, biyu daga ciki shi ne da kansa. Ashirin da uku da ɗigo ɗaya. Da sunansa ne farko a takardar Kaka kaɗai, da ya haura ɗari.

Na'urar hedikwata har taswira take zanawa. Kowane masani ɗigo ne, ana ja masa zare zuwa ga duk wanda ya ɗauko cikin takardarsa. Dakta Chu yana tsakiya kamar gizo-gizo, zare ta ko'ina. Dakta Bong na can gefen takarda, ɗan ɗigo da zare guda. Na ɓoye taswirar a aljihun tebur, amma ya gani, don shi mutum ne mai lura da ƙananan ɗige-ɗige. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce zaren dai yana da kauri.

Na yi mako uku ina bin ƙarshen takardun mutane ina tsinto godiya. Na samu ɗari biyu da goma sha huɗu, daga ƙasashe ashirin da shida. Na jera su a takarda, na buga waya hedikwata. Wata mata mai sanyin murya ta ɗauka.

Na ce, "A wane gurbi zan sa waɗannan?"

Ta ce, "Malama, godiya ba ta da gurbi a fom."

"To a ƙara mata mana."

"Ba ni na zana shi ba. Ni ma cikawa nake yi."

"Wa ya zana?"

"Kwamiti."

"Ba ni kwamitin."

"Sun tashi tun bara. Ki yi haƙuri."

Ban ma samu wanda zan zaga ba. Ita ma irina ce, mai buta a hannu.

Sai na hau motar safa na tafi birni, awa uku da rabi, ban faɗa masa ba. Dakta Chu ya karɓe ni da fara'a a ofishinsa na hawa na tara. Gashinsa ya yi fari, saurin dai yana nan. Na ajiye masa taswirar da lambar. Ya ce ya gani, ya kwana biyu bai yi barci ba, amma doka ta hana shi buɗe baki a maganar, saboda duk wanda ya taɓa haɗa takarda da mutum ba ya shiga shari'arsa. Ke nan zare ɗayan da Dakta Bong yake da shi a duniya, shi ne aka ɗaure bakin mai taimakonsa da shi.

Na ce, "Ranar takardar Kaka, ka tuna?"

"Na tuna. Na ce ya zo farko, ya ƙi."

"Sau nawa ka tambaye shi?"

Ya ce, "Sau biyu, ina ji."

"Dakta Chu, in baƙo ya zo gidanku, mahaifiyarka sau biyu take masa tayin abinci?"

Na ga lokacin da maganar ta same shi. Ya cire tabarau ya ajiye, ya sake ɗauka, ya sake ajiyewa.

Ya ce, "Amma ai wannan aiki ne, ba abinci ba."

"Shi bai san akwai bambanci ba."

"Shekara goma sha tara, Malama Ok. Me ya hana wani ya faɗa mini?"

"Ina wurin. Ni ce mai buta."

Muka zauna muna kallon juna, masu laifi biyu, ba mai iya ɗaga murya a kan ɗan'uwansa.

Zan faɗi alherinsa, ya yi ƙoƙari. Ya rubuta wa mujallar da ta buga takardar. Suka ce bayan shekaru haka ba a juya sunaye, sai in mai sunan farko ya rubuta cewa ya hau wurin da ba nasa ba, wanda aka danne kuma ya sa hannu ya tabbatar an danne shi, a buga wa duniya ta gani. A hedikwata irin wannan rubutun yana nufin ka kwashe kayanka. Dakta Chu ya rubuta duk da haka, ya sa hannunsa. A watan Mayu ya tuƙo mota da kansa ya hau dutse.

A dogon teburin nan dai suka zauna. Ni ma ina wurin, butar ce kawai sabuwa. Dakta Chu ya miƙa takardar da hannu biyu. Dakta Bong ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa yadda yake bin lambobinsa.

"Sonbe, sa hannu."

"A'a."

"Sonbe, ina roƙonka. Da wannan makinka zai haura, su bar maka madubin."

"A'a. Nan an ce ka ƙwace. Ba ka ƙwace ba, ni na ce ka sa naka. Sau biyu na faɗa, ga shaida nan riƙe da buta."

Dakta Chu ya dube ni. Ya tashi, ya ture kujera, ya durƙusa a kan siminti, babban mutum mai ofis a hawa na tara.

"Sonbe, karo na uku ke nan. Ka sa hannu."

Dakta Bong ya yi murmushi, irin na malamin da ɗalibinsa ya gane darasi bayan an tashi daga aji.

Ya ce, "Sang-won, ashe yanzu ka iya ƙirga. Tashi, gwiwarka ba ta yaro ba ce." Ya mayar masa da takardar da hannu biyu. "A'a. Wannan ita ce ta gaskiyar."

Ban san lokacin da na dangwarar da butar ba, har ruwa ya fantsama.

Na ce, "Dakta, Kaka fa? Shekara goma sha tara kana jira. Saboda kara za ka bar ta?"

"Ba kara ba ce wannan karon, Malama Ok. Littattafan can sittin da uku ne. Babu lamba ɗaya a ciki da ban gani da idona ba. Ranar da gajimare ya rufe, nakan rubuta gajimare. In na sa hannu cewa an yi mini fashi alhali ba a yi ba, gobe wa zai yarda da sauran abin da hannun ya rubuta?"

"Ba wanda zai sani."

"Ke za ki sani. Ke kuma ba kya iya riƙe magana."

Ya so mu yi dariya, ba wanda ya yi. Ya ɗauki kofinsa ya kurɓi shayi. Na so in rufe shi da faɗa, na so in rungume shi, na rasa wanda zan yi. Ina ganin yana da gaskiya, ina kuma ganin wautarsa, kuma har yau ban raba su ba.

Ranar ƙarshe ta wa'adi na tura lambar. Na yi tunanin in ƙara sifili a wani wuri, amma na'urar da kanta take sake ƙirgawa, ni shaida ce kawai. Na rubuta dogon bayani a gurbin "ƙarin magana", ya yanke ni a kalma ta hamsin. Amsa ta zo cikin kwana goma, da godiya mai yawa a kan hidimarsa.

Ƙarshen Yuni ya tura ƙofar rufin da kafaɗa karo na ƙarshe, ya lulluɓe madubin da tamfol, ya ɗaure da igiya ɗaurin masu kanya. Ya nemi a bar masa mabuɗi ya riƙa zuwa a matsayin ɗan sa kai. Aka ce an yanke wutar ginin, kuma in ya faɗo daga tsani ba wanda zai ɗauki alhaki. Suka yi masa tayin tebur a birni har ya cika shekarunsa. Ya ce a'a. Sau ɗaya suka tambaya, suka aiko masa da takardar ajiye aiki. Littattafan sittin da uku ya kawo mini su a kwali huɗu. Da na zo shigar da su rajista, a gurbin marubuci na sa Bong Jae-dok, shi kaɗai, sau sittin da uku. Ba wanda ya taɓa neman aron ko ɗaya.

Dakta Chu ya nemi a ara masa lokaci a babban madubi. An riga an raba kwanakin shekarar tun Janairu, ga masu maki. Ya rubuta wa abokansa na waje, kowa ya ce zai duba in ya samu sarari.

Tsakiyar Oktoba wata gajeriyar sanarwa ta fito daga Cile. Suna da wata na'ura da ke ɗaukar hoton sama gaba ɗaya duk bayan 'yan kwanaki, ba mutum a bakinta. Na buga sanarwar, ranar Asabar na sauka gindin dutse. Na same shi a tsakar gida kan ƙaramar kujera, kwando cike da kanya a gabansa, yana feraya. An riga an rataye layi uku a ƙarƙashin rufi. Maman Un-bi tana daga ciki tana tace waken awara.

Bai bar ni na zauna ba. Ya ce, "Ta yi?"

"Ta yi, Dakta."

"Yaushe?"

Na duba takardar, duk da na haddace. "Tsakanin bakwai da sha biyu ga wata."

Wuƙar ta tsaya. "Tsakanin?"

"Hoton ranar bakwai tana da haskenta. Hoton ranar sha biyu ta riga ta dushe. Babu hoto a tsakani."

"Tara ga wata na rubuta." Ya dubi kanyar da ke hannunsa, rabi a feraye. "Ranar takwas da tara da goma sama a washe take a nan, tas. Na fito na duba. Da ido ba a ganinta, na sani, amma na fito."

Kwanakin da ya yi shekara goma sha tara yana jira ke nan, sun wuce ba wanda ya kalla. Na gaba yana ɗan saba'in da tara. Na ga yana lissafin, na ga ya gama, bai faɗa ba.

Ya ce, "Sun dai ce an yi hasashenta?"

"Sun ce."

"Karanta mini."

Ban so ba. Ya jira, shi kuwa ba a gasar jira da shi. Na karanta: kamar yadda Chu da sauransu suka yi hasashe shekara goma sha tara da suka wuce.

Ya gyaɗa kai. Ya ci gaba da feraya har ɓawon ya faɗi guda, bai tsinke ba.

Ya ce, "To, ai ina ciki."

Nan na fashe da kuka, a tsakar gidan mutane, mace mai jika. Ban yi kuka ranar buta ba, ban yi ranar tamfol ba, sai ranar nan. Maman Un-bi ta fito hannu duk ruwan wake, ta dube shi, ta dube ni, ta ce wa ya mutu.  Ya tashi ya shiga ciki ya ɗauko busasshiyar kanya ta bara a faranti, ya miƙo mini da hannu biyu. Na karɓa tun tayin farko, na cusa a baki. Ya dube ni, ya dubi farantin.

Ranar Litinin na hau dutse na buɗe kwamfuta, don sanarwa ma ambato ce, dole a shigar. Na ƙara wa Dakta Chu ɗaya. Na gangara neman layin Dakta Bong in sa masa ɗan kasonsa, na tarar an share layin tun watan Yuli.